Doka Ta Zo, Ina Kuɗin Aiki Da Ita?

'Yan'uwa manoma, kowace shekara in kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, lokacin ne gwamnoni sukan ɗauki kasafin kuɗin shekara mai zuwa su kai gaban majalisar dokoki. Mu kuwa mukan kasa kunne ga rediyo mu ji nawa aka ware wa taki, nawa aka ware wa hanya da rijiyar burtsatse. Haka ya kamata. Amma akwai wani layi cikin kasafin nan wanda ba mu cika tambaya a kansa ba, watau kuɗin da za a kashe domin tsare mata da 'yan mata daga duka da fyaɗe da kora daga gida, da kuma jinyar waɗanda abin ya riga ya auka wa. A wannan fitowa muna so mu duba wannan layi tare.

Wani zai ce, me ya haɗa ƙungiyar gama kai ta manoma da wannan magana? Abin da ya haɗa mu da yawa. Matanmu ne suke shuka da noma da girbi tare da mu, su yi sussuka, su yi casa. Su ne suke zuwa rafi tun da asuba, su shiga daji neman itace, su kai kaya kasuwa su komo da almuru. 'Yan matanmu ne suke talla, su ne kuma suke bin doguwar hanyar makaranta da ƙafa. Matar da miji ya karya wa hannu a watan Yuli ba za ta sake riƙe fartanya ba sai damina ta wuce. Gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona ba ta da hanyar biyan bashin takin da ta karɓa daga ƙungiya. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe sau da yawa takan bar makaranta, kuɗin da iyayenta suka zuba ya bi ruwa, ita kuma ta zauna da ciwon rai. Hasarar ta gida ce, ta ƙungiya ce kuma.

GIRMAN MATSALAR

Kada mu ɗauka abin na 'yan birni ne. A shekarar 2018 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta bi gida gida, birni da ƙauye, tana tambayar mata masu shekara 15 zuwa 49 a kan lafiyarsu da zamansu. Kashi 31 cikin 100 suka ce an taɓa dukansu ko ji musu ciwo tun daga shekara 15 da haihuwa. Kashi 9 suka ce an taɓa tilasta musu kwanciya. Cikin waɗanda suka taɓa aure, kashi 36 sun sha duka, ko tilas, ko cin mutunci daga hannun miji. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, kashi 55 na waɗanda abin ya same su ba su taɓa neman taimako ba. Waɗanda suka nema kuwa, yawancinsu wajen danginsu suka tafi. Kaɗan ƙwarai ne suka kai ga likita ko ɗan sanda.

Kafin wannan, a shekarar 2014, hukumar nan tare da UNICEF ta yi bincike a kan yara. An tarar yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Waɗanda suka sami wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba.

A shekarar 2020, lokacin kullen cutar korona, abin ya fito fili. Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce daga Janairu zuwa Mayu an kawo musu ƙarar fyaɗe 717. A watan Mayun nan ne aka auka wa wata ɗalibar jami'a a cikin ɗakin sujada a Birnin Benin, inda ta tafi karatu, ta rasu bayan 'yan kwanaki. Ƙasa ta ɗauki zafi. A watan Yuni gwamnonin jihohi 36 suka haɗa baki suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafin mata.

ABIN DA DOKA TA CE

Tun ran 25 ga Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a, wadda ake kira VAPP. Yana da kyau kowane magatakardan ƙungiya ya san abin da ke cikinta. Ga kaɗan daga ciki:

Wanda aka kama da laifin fyaɗe, hukuncinsa ya kai ɗaurin rai da rai. In ya kai shekara 14, ko an sassauta ba za a yi ƙasa da shekara 12 ba, ba kuwa zaɓin tara. In taron dangi aka yi, ba za a yi ƙasa da shekara 20 ba.

Wanda ya doki matarsa, ko wadda ta doki mijinta, ɗauri har shekara 3, ko tara har naira 200,000, ko duka biyu.

Wanda ya kori matarsa daga gida da ƙarfi, ɗauri har shekara 2, ko tara har naira 300,000.

Wanda ya wulakanta gwauruwa da sunan al'ada, ɗauri har shekara 2, ko tara har naira 500,000.

Wanda ya yi wa yarinya kaciya, ɗauri har shekara 4, ko tara har naira 200,000.

Har wa yau dokar ta ba kotu iko ta ba da umarnin kariya, watau ta hana mai laifi kusantar wadda yake cuta tun kafin a gama shari'a. Ta kuma ce wadda aka cuta tana da hakkin samun magani, da shawara, da taimakon lauya. Wannan wuri shi ne ya fi shafar maganarmu ta yau, gama magani da lauya ba sa zuwa sai da kuɗi.

Dokar 2015 a Babban Birnin Tarayya kaɗai take aiki, inda aka danƙa ta ga hukumar NAPTIP. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Jihar Kaduna ta yi tata a 2018, a Satumba 2020 kuma ta ƙara tsananta hukuncin wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Bayan alkawarin gwamnoni na 2020 jihohi suka yi ta bi, har suka haura 30. Dokokin jihohi sun ɗan sha bamban da juna wajen hukunci, saboda haka ku nemi ta jiharku ku ji abin da ta ce.

To, doka ta zo. Amma mu manoma mun sani, iri mai kyau a cikin buhu ba ya cika rumbu. Sai an kai shi gona.

ABIN DA KUƊIN ZAI SAYA

Bari mu bi sawun yarinyar da abin ya same ta a ƙauye, mu ga inda ake bukatar kuɗi.

Na fari, asibiti. Akwai maganin da yake hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki, amma tilas a fara shansa kafin sa'a 72 su cika, watau kwana uku, a kuma sha har kwana 28. In kwana ukun sun wuce, maganin ba ya amfani. A asibiti ne kuma za a duba rauni, a ba da maganin sauran cututtuka, a rubuta takardar likita wadda kotu za ta karɓa. Ana bukatar magani a ajiye, da ma'aikaciyar jinya wadda aka horar, da ɗaki inda za a yi magana ba kowa ya ji ba.

Na biyu, hanya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota da na babur ya hau ƙwarai. Uban da yake nesa da babban asibiti yakan lissafa kuɗin zuwa da komowa na mutum biyu ko uku, ya ga ba shi da shi, ya ce a bar wa Allah. Kwana ukun kuwa suna ta wucewa.

Na uku, 'yan sanda. In ofishinsu ba shi da mai a mota, ba takarda, ba 'yar sanda mace da za ta saurari yarinya, to, nauyin yakan koma kan iyayen wadda aka cuta.

Na huɗu, kotu. Shari'a takan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Kowane zama sai an kawo shaidu. In zaman ya faɗo a tsakiyar noman fari, shaida zai zaɓi gonarsa. Shari'u da yawa a nan suke mutuwa.

Na biyar, mafaka. Matar da ta gudu da dare da goyo a baya tana bukatar inda za ta kwana, da abinci, da wanda zai zauna da ita a sami mafita. Wannan aikin ma'aikatar mata ne da jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Jami'in da ba shi da babur ba zai iso ƙauyenmu ba.

Domin a haɗa waɗannan a wuri ɗaya ne aka fara buɗe cibiyoyi na musamman a cikin manyan asibitoci, inda ake duba wadda aka yi wa fyaɗe kyauta. Ta fari ita ce cibiyar Mirabel a Ikeja, Legas, a 2013. A Arewa an buɗe cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan. An buɗe Waraka a Kano, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato a 2020, da wata a Yola. Aiki ne mai kyau. Sai dai ku dubi inda suke: manyan garuruwa. Ƙasar nan kuwa tana da ƙananan hukumomi 774.

DAGA INA KUƊIN YAKE ZUWA?

A nan ne maganar take da nauyi. Babban rabo na kuɗin da ya kafa wannan aiki daga ƙasashen waje ya fito. Cibiyar Mirabel da taimakon gwamnatin Ingila ta fara. A 2017 Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar da shirin Spotlight da yuro miliyan 500 domin ƙasashe da dama. A Nijeriya ya fara a 2019, ya yi aiki a Adamawa, Sakkwato, Legas, Ebonyi, Kuros Riba da Abuja. Jihohi biyar ke nan da babban birni. Zangon shirin ya ƙare a 2023. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bayarwa a waje, ta rufe hukumarta ta USAID, ayyukan lafiya da yawa a ƙasashen Afirka suka tsaya cik.

Mun gode wa baƙi da abin da suka yi. Amma kwaɗon bakin wani ba ya ƙosar da kai, mu ma a ƙungiya mun ga haka. Injin ban ruwa da aka ba mu kyauta, in ba mu yi tanadin kuɗin gyara ba, ran da ya lalace ya zama ƙarfen banza. Haka cibiyar da baƙo ya gina. In jiha ba ta sa albashin ma'aikata da kuɗin magani cikin kasafinta ba, ran da baƙon ya tafi za a sa kwaɗo a ƙofa.

Akwai kuma kuɗin da ake kira taimako alhali bashi ne. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin ƙarfafa ƙungiyoyin adashi na mata, a 2023 ya ƙara dala miliyan 500. A 2020 ya amince da dala miliyan 500 domin shirin AGILE na karatun 'yan mata a sakandare, wanda ya fara a Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato. Rance ne mai sauƙi, amma rance ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Saboda haka muna da cikakken iko mu tambayi inda aka kai shi.

Gwamnati fa tana da nata. Bisa tsarin rabon arzikin ƙasa da aka daɗe ana bi, tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Bayan janye tallafin mai, nairorin da ake rabawa kowane wata sun ƙaru. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Dokar Lafiya ta 2014 kuma ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya na matakin farko, watau irin ɗakin shan maganin da ke kusa da mu. Tun 2001 ma shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 na kasafinsu, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Ashe tambayar da ke gabanmu ita ce, cikin kuɗin da ke akwai, nawa aka ga ya dace a ware wa wannan aiki.

RUBUTAWA DABAM, SAKEWA DABAM

Kowane ma'ajin ƙungiya ya san bambancin alkawari da kuɗi a hannu. Memba yakan tashi a taro ya ce zai ba da buhu biyu, a rubuta, a tafa masa. Ran tarawa sai a ga tiya biyar. Kasafin gwamnati ma haka yake tafiya, hawa uku.

Hawa na fari, ma'aikata ta rubuta abin da take bukata, gwamna ya kai majalisa. Hawa na biyu, majalisa ta duba, ta ƙara ko ta rage, ta amince, gwamna ya sa hannu. Wannan shi ne adadin da muke ji a rediyo. Hawa na uku, baitulmali ya saki kuɗin ga ma'aikatar. A wannan hawa na uku ne ƙananan layuka suke faɗuwa. In kuɗi ya yi ƙaranci, albashi da manyan kwangiloli ake fara biya, layin da ba mai kuka a kansa a bar shi sai baɗi. Matar da aka doka ba ta zuwa gidan gwamnati ta yi kuka. Kunya da tsoro sun rufe mata baki.

Wata matsala kuma, sau da yawa ba a ba aikin layinsa na kansa. Akan cusa shi cikin wani babban layi mai suna kamar tallafa wa mata, inda kuɗin zai iya ƙarewa a taro da riguna da rabon keken ɗinki. Akan yi bikin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Bikin yana da amfaninsa wajen wayar da kai. Amma a watan Maris, in an kawo yarinya asibiti da dare, magani take bukata.

Abin farin ciki, yanzu ana iya dubawa. Yawancin jihohi suna buga kasafinsu a intanet, da rahoton abin da aka kashe kowane wata uku. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa iko ya rubuta wa ofishin gwamnati takarda ya nemi bayani, ofishin kuma ya amsa cikin kwana 7. Ɗan makarantar da ke cikinku mai waya zai iya nemo muku waɗannan takardu.

AIKIN ƘUNGIYA

Mutum ɗaya in ya tafi ofishin ciyaman zai yini a benci. Ƙungiya mai memba ɗari da takarda mai hatimi, ana ba ta kujera. Ga shawarwarinmu.

1. Ku zaɓi mutum uku, biyu daga ciki mata, su gano asibiti mafi kusa da yake da maganin kwana ukun nan. Su tambayi ko kyauta ne, da ko ana samunsa da dare da ran Lahadi. A sanar wa kowa a taro, a sanar wa zumuntar mata da malaman makaranta da ungozoma.

2. Ku rubuta wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku. Tambayoyi uku sun isa: Nawa aka ware wa wannan aiki bana? Nawa aka saki? A kan me aka kashe? Ku rubuta tun watan Agusta ko Satumba, sa'ad da ake shirya kasafi. In kuka jira Janairu, an riga an shuka.

3. Ku roƙi abin da za a iya ƙirgawa: ma'aikaciyar jinya ɗaya da aka horar a babban asibitin ƙaramar hukuma, maganin a ajiye, babur da mai domin jami'in jin daɗin jama'a, takardar likita kyauta, kuɗin mota domin shaidu.

4. Ku haɗa kai da sauran ƙungiyoyi, da maƙwabtanmu Musulmi, da mai unguwa da dagaci. Wannan masifa ba ta tambayar addinin gida kafin ta shiga.

5. Ku buɗe ƙaramin asusun gaggawa. In memba 40 kowa ya ba da mudu ɗaya da kaka, mudu 40 ke nan. A sayar a ajiye wa ma'aji, domin kuɗin mota zuwa asibiti a ranar da abin ya faru. Wannan ba ya ɗauke wa gwamnati nauyinta, amma yana ceton kwana ukun nan.

6. Ku dubi dokokin ƙungiyarku. In memba ya rasu, shin hannun jarinsa da kason takinsa suna zuwa ga matarsa da 'ya'yansa? Kuɗin amfanin gonar mace, a hannunta ake ba ta, ko a hannun mijinta? Wannan gyara ba ya bukatar ko kwabo daga gwamnati.

Akwai magana ɗaya kuma da ta shafi dattawa, na gari da na ikkilisiya. Mun saba da sulhu, sulhu kuwa alheri ne a kan iyakar gona da ɓarnar dabbobi da saɓanin miji da mata. Fyaɗe laifi ne a gaban doka, ba a gama shi da akuya da ban haƙuri. In aka rufe maganar domin tsare sunan gida, ko sunan ikkilisiya, mai laifin ya koyi cewa farashin abin akuya ɗaya ne, 'yar wani kuma tana kan hanya. Bugu da ƙari, duk ƙarar da aka binne a ƙauye ba ta shiga lissafin gwamnati. Ran da muka tafi neman kuɗi, sai a buɗe littafi a ce mana, ai ba a taɓa kawo ƙara daga wajenku ba. Haka kuma matar da ta zo da fuska a kumbure, kada a ce mata ta koma ta yi haƙuri kawai. A fara duba lafiyarta da inda za ta kwana lafiya, sa'an nan a kira mijin. A tsare asirin wadda aka cuta, kada sunanta ya zama abin hira a bakin rijiya.

TAMBAYOYI DOMIN TARON WATA

1. In abin ya faru a ƙauyenmu yau da dare, wa za a fara faɗa wa, ina za a kai yarinyar, wa zai biya kuɗin mota?

2. Jiharmu ta yi tata dokar? Wa zai nemo mana ita a karanta a taro da harshen da kowa yake ji?

3. Waɗanne wurare ne matanmu da 'yan matanmu suke tsoron bi, hanyar rafi, ko ta kasuwa, ko ta makaranta? Me za mu iya yi a kai kafin rani?

4. Wa zai rubuta takardar zuwa ga kansila, a wace rana za a kai ta?

Ƙungiyar da ta aika takarda ta sami amsa, ko ba ta samu ba, ta rubuto mana. Za mu buga domin sauran ƙungiyoyi su ga yadda aka yi.